Ga Mai Biro, Wadda Ta Tashi Mamaci a Babi na Tara

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, surukata ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Tun kafin ta buɗe baki na gane aminiyata Mai Biro ta riga mu gidan gaskiya. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma.

Ke Mai Biro, shekara arba'in da biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Jama'a sun san ki da littattafan soyayya, ni kuwa na san ki da kashe mazan mutane. Duk saurayin kirkin da kika ƙirƙiro sai kin bari mun saba da shi, sannan ki aika masa da mota ko zazzaɓi. In na ce ba ki da imani, sai ki ce, "Uwar tsokana, in bai mutu ba, ta yaya za ki san kina son sa?" Amma ba ki taɓa barin mu cikin kuka ba. Shafi biyu gaba, sai ga wani ya zo gaisuwa ya zauna a kan tiren shayi.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ni ce mai sauraronki ta farko. Kina karanto mini a baranda kina satar kallon fuskata. In ban yi dariya ba, ban kuma share hawaye ba, sai ki yage shafin.

Alherinki yana da yawa, amma guda ɗaya zan faɗa. Autarki ce take buga miki rubutu a kwamfuta, don ita kaɗai ke iya karanta wannan hannun naki mai kama da sawun kaji, kuma yarinyar ba ta iya ganin kuskure ta yi shiru. Da mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta dawo gida ta rufe ƙofa. Wata biyar ba magana, ba kuka, abinci sai an yi da gaske. Likita ya yi nasa, dangi suka yi nasu. Kika ce mini, "Tsorona kada in rasa ta tana raye."

Sai kika fara sabon littafi, kina tura mata shafukan ta ƙarƙashin ƙofa ba tare da kin ce uffan ba. A babi na uku kika kashe mijin da ke cikin labarin, kamar yadda kika saba. A babi na tara sai ga shi ya yi sallama ya shigo falo yana neman tabaransa.

Na ce, "Tsufa ya kama ki. Wannan ai kin binne shi."

Kika ce, "Rufe mini baki, ba don ke na yi ba."

Kwana uku shiru. A na huɗu muna baranda ƙofa ta buɗe, Auta ta fito da takarda a hannu, fuska a ɗaure. Ta ce, "Mama, mutumin nan fa ya mutu tun babi na uku."

Ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce, "To tabaransa ya manta. Ya za a yi ya ga hanya?"

Dariya ta ƙwace mata. Tana cikin yi ta rikiɗe ta zama kuka, ta faɗa cinyarki tana cewa na mijinta ma yana nan kan tebur, ta kasa taɓawa. Kika bar ta ta yi mai isarta. A ranar ta ci abinci har da neman ƙari. Ita ta buga littafin daga baya, ta kuma hana a cire wannan wurin.

Kin sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa da gangan kika yi ba. Na riƙe iya ƙarfina, kin kuwa san ni da baki. Auta, ki yafe mana, uwarki ba ta taɓa mance wanda ta kashe ba.

Jiya na shiga gidan na same ta ita ke tarbar baƙi, ita ke rarrashin yayyenta. Sai na ji zuciyata ta kwanta. Kin tafi kin bar gidanki a tsaye.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, na gaske da na gangan. Ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta da yayyenta, da jikoki, da duk matan da kika sa kuka da dariya a zama ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.