Injin da Na Hana Kowa Taɓawa

Har gobe ban manta da wata Asabar a farkon shekarun 1980 ba, ina afareta a wani gidan silima a Funtua. Afareta shi ne mai ɗora fim a inji ya haska shi a bango. A lokacinmu ba ka koya wa kowa wannan aikin, don kada a wayi gari a ce ba a bukatarka. Bitrus mai tsaron ƙofa, mutumin Malumfashi, ya shekara uku yana roƙona in nuna masa. Kullum sai in ce, "Kai dai riƙe ƙofarka."

Kaka ce, manoma sun sayar da auduga, ga shi an kawo mana kashi na biyu na fim ɗin wani jarumi mai tashi sama, irin na littattafan zane. Tun la'asar layi ya kai bakin titi. Sai ga kawuna a kan keke, ya ce jikin Baba ya tsananta a garinmu Tsiga, yana ta kiran sunana, kuma motar ƙarshe ta kusa tashi.

Na sami manaja. Ya ce, "Malam Sani, ba zan hana ka ba. Amma wa zai kunna injin?"

Babu. Ni na mayar da abin haka. Na ce wa Kawu ya yi gaba, zan biyo shi da safe.

A fim ɗin, jarumin ya bar iyalinsa suna kuka, ya tafi ceton gari. Jama'a suka yi ta tafi da fito. Wallahi ina leƙowa ta 'yar tagar ɗakin inji har wani daɗi nake ji, wai ni ma na sadaukar.

Da hantsi na isa Tsiga, na tarar ana dawowa daga maƙabarta. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ya ce a bar ka, wai aikinka ba mai iya shi sai kai." Kunyar da na ji ba ta misaltuwa.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki, na ja Bitrus zuwa ɗakin inji. Kwana huɗu ya ɗauka ya iya.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, abin da kuka sani ku koyar. Shi jarumin gari guda ya ceta. Ni sirrin kwana huɗu na tsare, ban ga mahaifina ba.