Bangon Dada a Jikin Mayafi

Sunanta na yanka Taibatu, amma duk Talata Mafara Hajiya Baturiya ake ce mata, tun da ta fara shan shayi da matan Turawan da suka zo gina dam ɗin Bakolori. Da keken ɗinki guda ta fara a tsakar gidan ubanta. Kafin a gama dam tana da kekuna goma sha biyu da farar Fijo, kuma bikin da ba ta taka ba, daga Mafara har Bakura, ba a sa shi cikin bukukuwa. Da hannunta take zana adon da ake ɗinka wa mayafan anko, ba ta taɓa maimaita zane ba.

Littafin zanenta ne ya jawo mata magana. Takan je ƙauyukan Maradun, ta zauna a ɗakin mata da gwala-gwalanta, ta kwafe a littafin adon da suka yi wa bango da yatsa tun laka na ɗanya. Ta ajiye goro ta tafi. Bayan 'yan makonni sai ma'aikata su zo su rubuta lamba da jan fenti a ƙofar gida: a tashi, ruwan dam na zuwa. Haka aka yi a Tungar Ɗantani da ƙauyuka biyu bayanta.

Aka ce ita ke nuna gidaje. Mata suka fara janye ɗinkinsu, kekuna takwas suka yi shiru.

Sai ga bikin jikar Dada. Dada ce tsohuwar da matan Tungar Ɗantani ke bi. Inda ta kai ɗinki, can suke kaiwa. In ta juya baya, shagon ya mutu. Baturiya ta ɗauki ƙunshi ta same ta a sabon matsugunin da aka ba su.

Suka daɗe suna gaisuwa, gajiya da gida da zafi, ba wadda ta dubi idon 'yar'uwarta.

"Hajiya ta Turawa," in ji Dada. "Yau ina littafin? Wanga ɗaki ma za a sa mai lamba?"

"Haba Inna. Mayafi na kawo ki duba."

"Wancan karon ma goro kinka kawo."

Baturiya ta warware mayafin a kan tabarma. Dada ta kai yatsa ta bi zaren: layi uku masu lanƙwasa, sai ɗigo, sai wani wuri da layin ya karkace.

"Nan akuya ta ture ni ina tsakar aiki," ta ce a hankali. "Har shi kinka ɗinka?"

"Yadda na gan shi."

Bangon ɗakin Dada da aka kwafo adon daga jikinsa yana ƙarƙashin ruwa shekara guda ke nan. Dada ta yafa mayafin, ta cire, ta sake yafawa.

"A yi muna arba'in. Amma ɗiyata, hwaɗa min. Wa ya gaya miki ruwa za ya ci ɗakina, har kinka yi gaggawar kwashe bangona?"

"A wurin shayi na ji suna jera sunayen ƙauyuka."

"Kinka ji. Kinka zo, kinka zauna kan tabarmata wuni guda, kinka ci tuwona. Ba ki ce min komi ba."

Baturiya ta shiga naɗe ƙunshinta.

Kekunan sun dawo aiki, ankon ya yi suna har Bakura, ta ƙara shekara ashirin tana tashe. Amma har ta rasu, in farar Fijo ta tsaya a ƙofar gida, matan Tungar Ɗantani sukan shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, su saki labulen ɗaki.