Shekarun da Baba Dakta Ya Hana a Cike

Da safen nan ina cikin keke a Mokola aka kira ni, wai Baba Dakta ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban yi kuka ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, ko hannu ba na son ɗagawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamina ne, kuma tare muka rubuta manhajar nan da nake damun ku da tallarta. Za ka ba ta tarihin ruwan saman garinku, ta koyi halinsa, sai ta ƙirƙiro maka damina iri-iri, mai makara da mai yankewa a tsakiya. Da su masu binciken noma ke gwada ko irin masara zai jure kafin a kai wa manomi. Kyauta ce, kowa ya sauke ya zuba bayanan garinsu. Shi dai "ruwan ƙarya" yake kiran abin, yana dariya.

Matan layinmu a Sabo ba su taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba. Hajiya Ladi mai tuyar masa takan tare shi ta ce, "Dakta, yau in yi shanya ko in bari?"

Sai ya ce, "Hajiya, namu ruwan ba ya jiƙa zane."

Da na haihu na ce na bar aikin. Ya zo har gida, suka gaisa da maigidana, ya saɓa jaririn a kafaɗa ya ce, "Pele, sannu 'yata. Ke rubutu, ni reno."

A kan abu ɗaya muka daɗe muna saɓani. Bayanan da manhajar ke zuwa da su na wata gonar gwaji ne a wajen Akinyele, kuma akwai giɓi a shekarun yaƙin basasa. Nan take manhajar za ta iya cike shi, amma Baba ya sa wani layi a kod ɗin da ke hana ta taɓa shekarun. Masu amfani da ita kullum sai sun turo ƙorafi, wai bug ne, wato kuskure a kod ɗin manhajar. Ni ke amsawa, ni ke ba da haƙuri, har abin ya ishe ni.

Bai taɓa ɓoye dalilinsa ba. Yana saurayi yana aiki a gonar, abokinsa Emeka ne ke duba ma'aunin ruwa kowace safiya. Kwano ɗaya suke ci. Da ƙasa ta rikice, Baba ya raka shi tasha zai koma Gabas. Emeka ya roƙe shi kada a ba kowa aikinsa, kafin damina zai dawo. Baba ya yi ta lallashin manajan gonar a ƙara jira. Ma'aunin ya yi ta cika yana zubewa har aka gama yaƙi.

Emeka bai dawo ba.

Makon jiya na je duba Baba. Ya rame, muryar ta yi ƙasa. Na ce, "Baba, mutane sun gaji da giɓin nan, ni ma na gaji."

Ya ce, "Na sani, Hadiza. Ko'ina ki zuba ruwan ƙarya, ba laifi. Amma in kika cike wurin nan, yaran da ke tasowa za su ɗauka babu abin da ya faru."

Sannan ya ce, "Kod ɗin naki ne yanzu. In na tafi ki yi yadda kika ga dama."

Ɗazu, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, na buɗe laptop. Wani ɗalibi ya turo ƙorafi, yana tambaya yaushe za a gyara. Na daɗe ina kallon layin nan da Baba ya sa a kod ɗin. Sannan na rubuta masa cewa ba bug ba ne, mai duba ma'aunin ne ya yi tafiya, ana jiransa.

Layin yana nan. Zan ci gaba da ba da haƙuri.

Allah ya jiƙan Baba Dakta, ya gafarta masa, ya sanyaya kabarinsa, ya ba iyalinsa juriyar rashi. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko bai san shi ba. Ku da kuka taɓa sauke manhajar kuwa, da ku nake musamman.