Rumfar Goggo Hantsaki

A filin 'yan gwangwan, inda matattun talabijin da kwamfutoci da wayoyi suke zuwa a farke cikinsu, babu wanda bai san Goggo Hantsaki ba. Sunan ya bi ta ne saboda ɗan hantsakin da take ratayawa a wuya da zare, yadda sauran mata ke rataya sarƙa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai an kwana biyu ana juya ta. Rumfarta ce ta farko in ka shigo ƙofa, ta kwano, mai taga ɗaya da ke kallon gabas. Tagar nan ce ranta, domin aikinta aikin haske ne.

A cikin kowace na'ura akwai wani koren allo mai ɗauke da ƙananan allurai da haƙora masu ruwan zinariya. Mazan fili su fasa na'ura, su kwashe ƙarfe da wayoyin jan ƙarfe, allunan kuma su kawo wa Goggo. Ita sai ta zauna gaban taga da hantsaki da almakashi, tana cire allura ɗaya bayan ɗaya, tana yanke haƙoran gefe, tana zubawa a kwalabe. In kwalba ta cika a kai wa Maƙeri da ke ƙarshen layi ya tace ya narka, kowa ya karɓi rabonsa. Aiki ne na mai haƙuri, kuma masu haƙuri ba su da yawa a filin nan.

Wurin mijinta ta koya. Mai gyaran rediyo ne, Allah ya jiƙansa, kuma shi ya kafa rumfar da hannunsa. Da gyara ya ja baya, sai ya shiga ƙona alluna kamar kowa a lokacin, yana tsaye cikin baƙin hayaƙi yana jiran roba ta narke. Hayaƙin ne ya cinye ƙirjinsa. Shekara biyu yana tari kafin ya tafi, kuma a shekarun nan biyu ya zaunar da ita kusa da shi ya nuna mata duk abin da ya sani game da cikin na'ura. Tun ranar da aka binne shi ta rantse ba za a ƙara kunna wuta a rumfar ba. Tsohuwar rediyonsa mai katako tana nan a kan kantar rumfar, kullum a goge, kullum tana magana.

Rediyon nan ce ke jawo mata ƙaninta, malamin makaranta, duk ranar Asabar. Akwai shirin da ake zaunar da wasu masana biyu suna musu a kan ratar da ke tsakanin masu hali da talakawa. Ɗaya ya ce a bar masu dukiya su ƙara ƙiba, maiƙon zai ɗigo ƙasa kowa ya lasa. Ɗayan ya ce an shekara da shekaru ana buɗe baki ana jira, ko ɗigo ba a gani ba. Malam yakan shiga musun da dukkan jikinsa, yana amsa wa rediyo kamar tana jin sa, yana buga tebur har allurai su watse. Goggo takan tsince su ta ci gaba da aikinta. Sau ɗaya dai ta tambaye shi ko masanan nan ana biyansu ne kafin su yi musun, da ya ce e, ta ce to aƙalla mutum biyu sun tsira.

Ana nan sai ga Mai Inji. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai farar riga da ƙaton agogo, ya shigo da injin da ke niƙe allo gaba ɗaya ya mayar da shi gari cikin ƙiftawar ido. Injin na buƙatar wutar lantarki da hanyar mota, kuma duka biyun suna bakin ƙofa, wato dai rumfar Goggo yake so. Ya keɓe da Shugaban fili, wanda mutum ne na kirki amma duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Bayan kwana biyu Shugaba ya zo yana sosa ƙeya, ya gaya mata zamani ya canza, ta tattara kayanta kafin ƙarshen wata. An tanadar mata wani lungu a can baya, kusa da ramin da har yanzu wasu ke ƙona waya. Lungun ba shi da taga.

Goggo ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar maigidanta. Ba tare da haske ba idonta ba zai ga allura ba, kuma ta san abin da hayaƙin ramin can yake yi wa ƙirji. Ta fara tattara kayanta. Ranar da ta sauke rediyon daga kan kantar ta naɗe ta da zane ta sa a kwali, sai da ta juya wa ƙofa baya ta share hawaye.

Abin da ya cece ta bakin Mai Inji ne, don bakin ba ya rufuwa. Ya zo auna faɗin rumfar da igiya tun ba ta fita ba, mutane sun taru suna kallo, sai ya shiga cika baki. Ya ce a kawo kowane tarin alluna, abin da injinsa zai fitar kafin azahar, tsohuwar nan ba za ta fitar da rabinsa ba ko za ta shekara tana tsince-tsince kamar kaza.

Goggo ta ajiye almakashi, ta dubi Shugaba.

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Goggo."

"To a gwada. A raba tari biyu, nauyi ɗaya, a ba ni kwana uku. Wanda zinariyarsa ta fi, rumfa tasa ce. In ya ci, ni da kaina zan share masa ita."

Jama'a suka ɗau hayaniya, domin babu abin da 'yan gwangwan ke so kamar kallo. Mai Inji ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu hanyar ja da baya, ya ce ya yarda, ta ma kira duk wanda take so ya taya ta.

A makon ne aka sauke kayan wani tsohon sito da aka rufe. Mazan da suka fasa kayan sun ware allunan yadda suka zo: sababbi, sirara, masu sheƙi, a cikin kwalaye, tsofaffi, masu kauri da ƙura da kashin ɓera, a cikin buhuna. Shugaba ya aza a sikeli ya daidaita nauyi. Goggo ta ce Mai Inji baƙo ne, shi ya kamata ya fara zaɓa. Bai ko tsaya tunani ba ya ɗora ƙafa a kan kwalayen masu sheƙi.

Malam, wanda ya baro gida tun da safe don ya ga ƙarshen abin, ya ja ta gefe yana huci.

"Yaya, kin ga abin da nake faɗa kullum ko? Mai ƙarfi ya ɗebi mai kyau, ya bar miki shara, ke kuma da bakinki kika ba shi!"

Ta taka masa ƙafa da ƙarfi, ta ce ya yi shiru ya ɗauko buhu.

Abin da Malam bai sani ba, kuma Mai Inji bai taɓa zama ya koya ba, shi ne abin da marigayi ya nuna mata da farcen babban yatsansa. Masu ƙera na'urori a zamanin da, ba su iya rowa ba tukuna, zinariyar da suka shafa wa allurai mai kauri ce, ka kankara ka kankara tana nan. Na yanzu sun ƙware, shafawa suke yi kamar mai ɗanɗana gishiri, sheƙin ya yi yawa, abin kaɗan. Duk wanda ya yi shekara ashirin yana duba cikin na'ura ya san haka. Wanda ya sayi inji jiya bai sani ba.

Sai dai sani daban, cirewa daban. Tsofaffin allurai taurin kai gare su, kuma buhunan da yawa. Injin ya yi ruri ya gama nasa kafin azahar kamar yadda aka yi alkawari, ƙura ta turnuƙe bakin ƙofa, Mai Inji ya sa kujera a inuwa ya miƙe ƙafa yana kallon ta. Goggo ta fara da fitowar rana ta tashi da faɗuwarta, yatsunta suka tsattsage, amma ranar farko ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta ci ba. Ta koma gida tana tambayar kanta ko ba ita ce ta cika baki ba.

Da safe ta tarar da mata uku a ƙofar rumfa, matan masu fasa na'ura, waɗanda aikinsu a da kawo wa mazansu abinci ne su koma. Kowacce ta zo da almakashin ɗinkinta. Sun ce ba su iya ba, amma suna da ido. Goggo ta zaunar da su a jere gaban taga, ta nuna musu inda ake kamawa da inda ake murɗawa. Malam ma aka ba shi goge ƙura, ya yi ta atishawa yana bayani a kan haɗin kan talakawa, har ɗaya daga cikin matan ta roƙe shi ya haɗa kan leɓunansa tukuna. Kafin la'asar ɗin rana ta uku buhu na ƙarshe ya zama fanko, kwalabe shida sun cika.

Maƙeri tsoho ne da ba ya gaggawa don kowa. Ya karɓi garin Mai Inji da kwalaben Goggo, ya rufe hanci da baki, ya yi ta tacewa a fili inda iska ke kaɗawa, kowane a mazubinsa. Sai da aka kwana biyu ana zarya kafin ya kira mutane. Ya narka na farko, ya juye, ya tsoma a ruwa: wani ɗan ɗigo ya fito kamar ƙwayar gero. Ya narka na biyu. Da ya ɗago shi daga ruwa sai kowa ya miƙa wuya, domin ya kai ƙwayar wake, har da ɗoriya. Ya aza su a ƙaramin ma'auninsa, gefen Goggo ya sauka ya bugi katako.

Matan nan uku suka rungume ta, maza suka yi ta buga gwangwani. Mai Inji ya ce an yi masa maguɗi. Maƙeri ya tuna masa cewa shi ya zaɓa da ƙafarsa, gaban kowa, sannan ya nuna farar rigarsa da ta koma ruwan toka, ya ce ɗan abin da ke cikin allunan ma rabi ya bi ƙura, in yana so ya tuɓe rigar a narka. Aka yi dariya har Shugaba na riƙe ciki, sannan ya gyara murya ya ce dama shi tun farko ra'ayinsa ke nan, rumfa ta Goggo ce.

Mai Inji bai bar filin ba. An ja masa wayar wuta zuwa can gefe, yanzu yana niƙa allunan da Goggo da matanta suka gama tsincewa, yana fitar da jan ƙarfe, kuma yana samu. In an kawo masa sabon kaya yakan zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce Goggo ta duba masa. Matan kuwa sun zama bakwai, kowacce da hantsakinta a wuya, har an fasa taga ta biyu.

Amma a ranar da aka yi awon, Goggo ba ta tsaya shan yabo ba. Malam na tsakiyar jama'a yana shelar cewa wannan darasi ne da ya kamata masanan rediyo su zo su gani, ita kuwa ta sulale ta koma rumfa ita kaɗai. Ta buɗe kwali, ta warware zanen, ta goge rediyon da gefen mayafinta, ta mayar da ita kan kantar daidai inda ƙura ta bar shatinta. Ta murɗa, rediyon ta yi ƙara kaɗan sannan ta kama. Goggo ta dafa katakon da yatsunta masu tsaga.

"Maigida," ta ce a hankali, "muna nan. Ba mu tashi ba."

Sannan ta ja kujera zuwa gaban taga, domin da sauran haske.