Taken Baba a kan fiyano

Ƙanena ya fara taɓa fiyano a makaranta, nan unguwar Highbridge ta Bronx a Amurka, kuma tun ranar Baba bai so ba. Da ya girma ya ce kiɗa ne sana'arsa, sai Baba ya daina amsa gaisuwarsa. Ni ce babba, ni na sha wahalar tsakani, in lallashi wannan, in ba wancan haƙuri, duk a banza.

Waƙoƙinsa na farko kam ba su taɓa burge ni ba. Turanci ne sanyi-sanyi, shi kaɗai da fiyano, irin wanda ake yi wa masu cin abinci a otal. Na sha ce masa, "Auta, kiɗan nan naka barci yake sa ni." Sai ya yi dariya ya rama da Turanci, don Hausarsa ta ji ce kawai.

Bayan ɓarin jikin Baba ya shanye, ya bar teburinsa na sayar da kaya a titin 125, sai kiɗan yaron ya sauya. Ya haɗu da mai jita da mai ganga, ya samo wani Bahaushe ɗan Zongo mai kalangu, ya koma dukan fiyano kamar ya yi masa laifi. Rok suke ce wa abin. Ya kwashe tsofaffin kaset na gida yana saurare, a ciki ya tsinci wani kiɗa da ya shiga ransa, ya ɗora waƙa a kai. Ya ce min zai kaɗa wa Baba, ko Allah ya sa ya huce.

Wata Lahadi bayan la'asar shi da makaɗansa suka hau benen Baba da kayansu, har da ƙaramin fiyano. Baba na kan keken guragu, ya juya fuska ga taga. Kalangu na farawa na gane kiɗan. Taken Baba ne. Kafin ya zo Amurka ɗan kokowa ne a Maradi, kuma kiɗan nan nasa ne shi kaɗai. In aka kaɗa shi, duk inda yake sai ya miƙe ya shiga fili. Yaron da aka haifa a Bronx ina zai san haka? Shi daɗi kawai ya ji.

Baba ya dafa keke da hannunsa mai lafiya, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, zufa ta keto masa, ƙafa ta ƙi. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, har haushin ƙanena ya turnuƙe ni. Na daka masa tsawa ya bari. Kiɗa ya tsaya.

"Wa ya ce a tsaya?" in ji Baba, harshensa da nauyi. Ba ni ya duba ba, ƙanena ya duba. "Kai. Zo ka ɗaga ni."

Ya bar fiyanon ya zo ya sa kafaɗa a hammatarsa, ni na kama ɗaya gefen. Mai kalangu ya ci gaba shi kaɗai, a hankali. Baba ya tsaya, nauyinsa duk a kan yaron, har aka kai ƙarshen taken.

Da muka zaunar da shi bai saki rigar ƙanena ba. Ya daɗe yana haki kafin magana ta fito.

"Kun yi sauri a tsakiya," ya ce. "Gobe ka dawo in gyara maka."