Ko Ƙwai Ɗaya Bai Fashe Ba

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Ƙwai ya yi yana ɗauko ƙwai daga gonar kaji ta bayan gari yana raba wa masu shaguna, a kan wani baƙin keke da sirdinsa ya sha ɗinki har ya gaji. Kiret goma sha biyar yake jerawa a baya ya ɗaure da roba, tsayinsu ya wuce kansa. Mai irin wannan kaya ba ya waiwaye, don yana juya wuya keken zai karkace. Saboda haka da kunne yake tuƙi. Daga ƙara kawai yakan gane tirela ce a bayansa ko tasi. Abin taƙamarsa ke nan, ga shi kuma Allah ya yi shi da baki.

"Madubi a keke?" yakan ce wa abokan sana'a. "Kwalliya za ku yi a hanya?"

To, sai kunnen ya fara tafiya, kaɗan-kaɗan. Matarsa ce ta fara lura, da ta ji rediyo na neman tsaga ɗaki. Ya ce masu labaran yanzu ne ba sa buɗe baki. 'Yarsa ta sayo masa madubin keke, ya cusa shi ƙarƙashin gado. Ya koyi gyaɗa kai da cewa "haka ne" ga duk abin da aka faɗa masa. Ya san sarai ranar da ya amsa cewa ba ya ji, ranar 'ya'yansa za su raba shi da keken, shi kuwa bai san inda zai sa kansa ba in aka sauke shi.

Wata safiya, daf da kwanar kasuwa, ya hangi rami, ya kauce ya shiga tsakiyar titi ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya wuce abinsa. Yana shagon farko yana sauke kaya yana raha, sai ga mai facin taya na bakin kwanar ya iso yana haki.

"Baba, ashe haka kake? Ka jefa mutum kwalbati ka yi tafiyarka?"

"Haka ne," in ji Baba, har da murmushi.

Sai da mai faci ya kwatsa masa a kunne sannan ya fahimta. Wani tela ne a kan babur yake biye da shi. Sau uku ya danna oda, da ya ga zai kwashe tsoho ya kauce ya faɗa kwalbati. Ƙafar dama ta karye, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Duk layin sun ji ƙarar faɗuwar, ban da mutum ɗaya. Baba ya dubi kayansa, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da yamma ya je asibiti, babban ɗansa na biye da shi. Ɗakin cike yake: uwar telan, matarsa da goyo, maƙwabta. Telan na kwance an rataye ƙafar. Ya dubi Baba ya yi magana mai tsawo a hankali, uwarsa na share hawaye. Sannan kowa ya juyo ga Baba, ana jiran amsa.

Yafe masa aka yi ko Allah ya isa aka ja masa, Baba bai sani ba. Da ya ce "na gode" ya fice, da asirinsa ya rufu. Amma bawan Allah ya ba da ƙafarsa don kada ya taka shi, a ce maganarsa ma ta faɗi a banza? Baba ya saci kallon ɗansa, ya durƙusa a gefen gadon telan.

"Ɗana, ka yi haƙuri ka maimaita, da ƙarfi. Shekara biyu ke nan ba na ji."