Rimin Maamobi da Aka Ce An Sare

Wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na gama sakandare, na samu aikin buga tafireta a wani ofis a filin jirgin Accra, inda ake rubuta wa matuƙa jirgi takardar tsawon duk abin da ke kan hanyarsu. Ku gane, jirgi mai inji biyu in ɗaya ya mutu yana cikin tashi, da kyar yake hawa, in kuma ga hadari matuƙi ba ya ganin komai, takardar nan ita ce idonsa.

To akwai wani ƙaton rimi a bayan gidanmu a Maamobi, daidai inda jirage ke bi. An tura leburori su sare shi, suka je suka dube shi suka ce ba da su ba, yana da masu shi, amma shugabansu ya sa hannu wai an sare. Sai maigidana, wani Bature, ya soke layin rimin a takardar ya ce in sake bugawa.

Na ce, "Masta, rimin nan fa yana nan, ko yau a gindinsa na jira motar trotro."

Ya ce, "Aikinki bugawa, ba awo ba."

Na buga, Allah ya yafe mini, na cire shi, alhali uwata, Mma, a ƙarƙashinsa take soya ƙosai.

Wata Talata da hantsi ana ruwa, jirgin kaya ya tashi, injin hagu ya mutu. Mma ta ce ya fito daga cikin hazo ƙasa-ƙasa kamar zai kwashe kwanon rufi, ya karkata, ya wuce gefen rimin, ganye na zubowa cikin kaskonta.

Da la'asar matuƙin ya zo ofis godiya, ya ce ba don layin rimin ba da bai rage kaya kafin ya tashi ba, da bai karkata ba. Ya ajiye takardarsa. Jama'a, ga rimin a rubuce, tsawon ma ya fi wanda Bature ya soke, kuma bugun tafiretata ne, don ga harafina mai karyayyar ƙafa nan. Na ɗauko kwafin kabon da suka fito tare, babu layin. Babu!

A ranar Bature ya kore ni, wai na saɓa umarni. Ni da ban ma yi zuciyar saɓawa ba! Na koma gida ina kuka ina zaginsa, Mma ta ce, "Ke, rufe mini baki. Wani ya yi aikin da kika kasa."

Don Allah, in an ce ku rubuta abin da idonku ya ƙaryata, ku ƙi. Ban san wanda ya gyara tawa takardar ba, kuma ban ji ya yi alkawarin sakewa ba.